Wasiƙar godiya ga shagon da ke auna ɗaki kafin ya sayar da keke

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto wannan wasiƙa a fili ne don mu yaba da yadda kuke sayar da firam ɗin ɗinkin bargo mai ciko da kekunan da ake ɗorawa a kansa. Da wuya a samu ɗan kasuwar da zai ce wa mai saye ya dakata ya je ya auno ɗakinsa, alhali kuɗi na hannu. Ku haka kuke yi, kuma mu da muka san aikin mun san dalili.

Bargon nan shimfiɗa uku ne: yadin sama, cikon auduga ko na roba a tsakiya, sai yadin ƙasa. Aikin firam shi ne ya riƙe ukun a miƙe a kan sanduna, keke kuma ya zauna a kan tire mai tayoyi yana yawo gaba da baya, hagu da dama. A ɗinkin tebur yadi ake turawa. A firam keke ake turawa, yadi na tsaye. Shi ya sa keken da ya yi fice a tebur kan iya ba mutum kunya idan ya hau firam.

Tambayarku ta farko ita ce girman bargon da mutum yake son ɗinkawa, ta biyu kuma girman ɗaki. Firam mai ƙafa 10 yana ɗaukar bargo mai faɗin inci 90 ba tare da matsi ba, amma wanda ya kai inci 108 ko 110 sai mai ƙafa 12. Ba duka tsawon firam ake mora ba, domin jikin keke na cin wuri a kowane gefe, kuma yadin ƙasa dole ya fi na sama da inci 4 ta kowace fuska don maƙalan gefe su samu abin kamawa. A ɗaki kuwa ana buƙatar ƙarin ƙafa 2 ko 3 a gefe ɗaya na wucewa, da wurin tsayawa a gaba, da a baya ga mai son bin zanen takarda. Wanda ɗakinsa bai kai ba kuna nuna masa ƙaramin firam mai kimanin ƙafa 5 irin na maƙalawa, wanda ake ɗinke yanki, a cire maƙalan, a matsar da bargon. Yana da ɗan jinkiri, amma babu girman bargon da zai gagare shi.

Inda muka fi jinjina muku shi ne bayanin wuyan keke, wato tazarar da ke tsakanin allura da ginshiƙin keken. Nan ne mafi yawan masu saye ke yin asara. Keken gida na yau da kullum wuyansa inci 6 zuwa 7 ne, masu ɗinki miƙaƙƙe irin su Juki TL-2010Q da Brother PQ1500SL kuwa sun kusa inci 9. Sandar da ke naɗe ɓangaren da aka gama ɗinkawa ta cikin wuyan take ratsawa, don haka tun kafin a soma ta ci wani abu. Mai wuya inci 9 zai fara da filin aiki kamar inci 5 ko 6. Duk naɗi ɗaya sandar na ƙara kauri, kafin a kai ƙarshen babban bargo filin ya koma inci 3 ko 4. Wanda ya tsara zane mai tsayin inci 6 sai ya tarar a tsakiyar aiki cewa keke ba ya kaiwa, ya koma warware naɗi yana juya bargon ƙarshensa ya koma farko. Ku ba da baki kawai kuke faɗa ba. Kuna naɗa tsohon bargo a sandar, ku miƙa wa mutum tef ya auna da kansa. Wanda ya ga haka ya san ko ƙaramin keke zai ishe shi, ko ya haƙura ya tara ya sayi mai wuya inci 15 irin Handi Quilter Moxie, ko doguwar hannu, wato babban keke mai dogon wuya, mai inci 18 zuwa sama. A ganinmu, mai yin manyan barguna a kai a kai kada ya sauka ƙasa da 15.

Sai gudu. Keken da ke yin ɗinki 800 a minti ba ya bin hannun da ke jan sa a firam, sai ɗinki ya fito dogo-dogo. Kekunan Juki da Brother da muka ambata suna kai 1,500 a minti, kuma wannan shi ne ma'auni mai kyau. Ko da gudun ya isa, haƙoran da ke jan yadi ana saukar da su ne ko a rufe su, a sa ƙafar ɗinkin yawo, wadda ke barin a yi ɗinki ta kowace fuska, saboda haka tsawon ɗinki ya rataya a kan saurin hannu. Na'urar daidaita ɗinki ke magance wannan: tana da ƙananan tayoyi biyu masu karanta motsin tire, ta ƙara wa injin gudu ko ta rage, ɗinki ya tsaya a kan 10 zuwa 12 a kowane inci. Ba kowace na'ura ke shiga kowane keke ba, kuma kuna duba jerin kamfani kafin ku haɗa su. Haka kuke duba nauyin da tiren zai iya ɗauka da tsawon gindin keken, ku kuma tabbatar akwai makunni a mariƙi, tunda mai tafiya gefen firam ba zai riƙa jan feda da ƙafa ba.

Akwai wani ƙaramin abu da masu sayarwa da yawa ba sa kula da shi, wato ta inda ake sa bobin. Idan ta sama ake jefa shi, bargo ya riga ya rufe wurin, sai an tura keke can ƙarshen firam kafin a canza. Mai shiga ta gefe ko ta gaba ya fi sauƙi. Bobin mai lamba M yana ɗaukar zare kusan ninki biyu na mai lamba L, kuma wanda ya taɓa ƙarar da zare a tsakiyar zane ya san amfanin haka. Allura ma ba ɗaya ba ce. Keken gida na amfani da mai gindi shafaffe, 90/14 ta wadatar ga zare lamba 40 ko 50. Doguwar hannu kuwa allurar masana'anta take ci mai gindi zagaye, 100/16 ko 110/18, domin siririya na lanƙwasawa idan ana jan keke ta kowace fuska.

Mun kuma gode da yadda masu haɗa muku kaya suke aiki. Suna ɗora lebur, wato ma'aunin daidaito, a kan layin tayoyi ta tsawo da ta faɗi, su saki keke su ga ko zai gangara da kansa. Idan ya gangara, ƙafafun firam ba su daidaita ba, kuma da'ira ba za ta taɓa fitowa zagaye ba. Suna daidaita tsayi yadda gwiwar hannun mai aiki za ta lanƙwashe daidai a kan mariƙi, don kafaɗa da baya su huta. Suna barin tazarar yatsa ɗaya tsakanin sandar naɗi da gadon keke, su gaya wa mutum ya riƙa ɗaga ta yayin da naɗin ke kauri, in ba haka ba za ta danne keke ya yi nauyin ja. Sannan suna hana ɗaure yadi tamau kamar fatar ganga, domin hakan ke sa allura tsallake ɗinki da tsinkewar zare. Idan zaren sama ya fito a ƙasa yana gashi-gashi a inda ɗinki ya lanƙwasa, sun koya wa mutane cewa ko dai zaren sama ya yi sako-sako, ko hannu ya yi gaggawa a lanƙwasa. A fara daidaita ƙarfin zaren bobin tukuna, sannan a taɓa na zaren sama, a gwada a kan ƙyallen da aka maƙala a gefe. Ɗigon mai ɗaya a ƙugiyar bobin da share ƙurar auduga da burushi lokacin canza bobin suna hana da yawa daga cikin matsalolin da ake dawo da keke dominsu.

Roƙonmu ɗaya ne. Ku rubuta waɗannan matakai a takarda ku riƙa haɗawa da kaya, domin abin da aka ji a ranar haɗa firam ba duka ake tunawa ba bayan wata guda. Ku kuma riƙa ajiye tayoyin tire da wayoyin na'urar daidaita ɗinki, su ne suka fi saurin lalacewa.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya saka wa ma'aikatanku da alheri.

Naku,
Wasu masu ɗinkin bargo