Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Daga Ofishin Sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa mambobi maza da mata, ga abin da Allah Ya nufe mu da yi a shekarar da ta shige.

Za ku tuna a taron farkon shekara mun tsara za mu raba zamanmu na wata-wata tsakanin batutuwa uku, wato Sahel, Sudan da Falasɗinu. To, ba haka aka yi ba. Yaƙin Gaza ya cinye shekarar kusan gaba ɗaya, Sudan kuma zama ɗaya tak ta samu. Wannan gazawa ce, kuma ni na fi kowa laifi tunda ni ke riƙe da jadawali.

Zaman farko mun yi shi ne kan tsarin tsaron Isra'ila kamar yadda aka gada tun zamanin Ben-Gurion, firaministanta na farko. Ƙafafu uku gare shi: a razana maƙiyi kada ya yi gigin kawo hari, a ji labarinsa tun bai motsa ba, in kuwa yaƙi ya zama dole a gama shi da wuri, a can cikin ƙasarsa. Mai gabatarwa ya nuna yadda harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda aka kashe kusan mutum 1,200 a cikinsa aka kuma yi garkuwa da kimanin 250, ya karya ƙafafu biyun farko a safiya guda. Ta ukun ma ba ta tsaya ba, don yaƙin ya zarce shekara, kuma zuwa watan Disamba 2024 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce waɗanda aka kashe sun haura 45,000. Daga nan muka gane cewa ƙasar da ke dogon yaƙi da makaman wani dole ta riƙa lallaɓa mai makaman. Dala biliyan 3.8 Amurka ke ba Isra'ila duk shekara bisa yarjejeniyar 2016. Shi ya sa neman halasci a idon duniya, wanda su suke kira hasbara, wato bayyana kai, ya zama wani ɓangare na tsaron kansa.

Falasɗinawa su ma a wannan fili suke fafatawa, kuma a 2024 an yi ta ƙirga ƙuri'u. Ranar 18 ga Afrilu Amurka ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kan ba Falasɗinu cikakkiyar kujera, duk da ƙasashe 12 sun amince. Ranar 10 ga Mayu Babban Zaure ya goyi bayan buƙatar da ƙuri'u 143. Ranar 28 ga watan kuma Sifaniya da Ireland da Norway suka amince da ƙasar Falasɗinu. Mun bi ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar kan Isra'ila a Kotun Duniya da ke Hague, da ra'ayin da kotun ta bayar ranar 19 ga Yuli cewa mamayar yankunan Falasɗinawa ta saɓa doka. Wata 'yar'uwa lauya ta ɗauki yamma guda tana bambance mana wannan kotu da ɗaya kotun, ta hukunta manyan laifuka, wadda a watan Nuwamba ta ba da sammacin kama Firaministan Isra'ila Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Gallant da Mohammed Deif na Hamas. Ta farko ƙasashe take yi wa shari'a, ta biyun mutane. Da yawanmu, har da ni, haɗa su muke yi.

Amma zaman da ba zan manta ba shi ne na damina. An ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, muka ja benci zuwa baranda, mai gabatarwa na karanta takardarsa da fitilar waya. Yana cikin jero ƙuri'u sai wani dattijonmu ya ɗaga sandarsa ya ce, "Yaro, tsaya. Wannan ƙirge da kake ta yi, ya taɓa hana bam ɗaya sauka?" Saurayin ya yi shiru, ya ce, "Baba, bai hana ba. Amma in ba shi da amfani, me ya sa suke buga waya har Abuja?" Nan ya kawo labarin 30 ga Disamba 2014, lokacin da aka gabatar wa Kwamitin Sulhu ƙudurin sanya wa'adin ƙare mamaya. Ƙuri'u 9 ake nema, aka samu 8. Najeriya tana cikin kwamitin a lokacin, an kuma sa ran za ta amince, sai ta ƙaurace, bayan Netanyahu ya yi magana da Shugaba Jonathan. Wurin ya yi tsit. Wasu sun rantse ba su taɓa ji ba. Baba bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce ko an samu 9 ɗin Amurka za ta hau kujerar na-ƙi, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai ni ina ganin saurayin ya fi kusa, domin abin da ake gudu ke nan, a tilasta wa Amurka fitowa fili ita kaɗai.

Wannan muhawara ce ta haifar da aikin da na fi alfahari da shi bana, wato 'yar takardar da kwamitin bincike ya haɗa kan matsayin ƙasashenmu. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973 tare da yawancin ƙasashen Afirka, ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, ta kuma maido da hulɗar a 1992 zamanin Babangida. Nijar ta yanke tata a 2002. Chadi ta maido a 2019, har Netanyahu ya je Njamena da ƙafarsa. Sai rigimar kujerar 'yar kallo da aka ba Isra'ila a Tarayyar Afirka a 2021, wadda ta kai ga fitar da jami'arta daga zauren taro a Addis Ababa a Fabrairun 2023. Wanda ya karanta takardar zai ga cewa zawarcin ƙuri'un Afirka ba yau aka fara ba. An buga ta, tana wurin ma'aji, a zo a karɓa.

Yanzu ga inda muka yi abin kunya. Sau da dama a zauren WhatsApp na ƙungiya an turo bidiyo da sunan Gaza, daga baya aka gano na Siriya ne, tsohon ɗauka. Wani ma daga wasan kwamfuta aka yanko shi. Da aka yi wa wanda ya turo magana sai ya ce ai niyyarsa mai kyau ce. Mu da muka shafe shekara muna nazarin yadda ake sayen ra'ayin duniya, bai dace a same mu muna yaɗa abin da ba mu tantance ba, kuma duk ƙaryar da aka kama a bakin mai goyon bayan Falasɗinawa, wancan ɓangare ta yi wa aiki. Kwamitin zartarwa ya yanke cewa daga yanzu duk wanda zai tura bidiyo sai ya faɗi inda ya samo shi, in ba haka ba a goge.

Batun kuɗi, ma'aji zai karanta cikakken lissafi. Abin da zan ce kawai, kuɗin wata-wata ba ya shigowa yadda ya kamata, kuma hayar kujeru da buga takarda mutane ƙalilan ne suka ɗauka daga aljihunsu. Allah Ya saka musu. Gudummawar da aka tara domin Gaza an miƙa ta, rasit yana nan ga mai son gani. Ziyarar makarantun sakandare da muka yi alkawari ba ta yiwu ba, wasiƙunmu ba su samu amsa kan lokaci ba.

A shekara mai kamawa muna ba da shawarar a fara da Sudan, bashi ne a kanmu. Muna kuma neman mutum biyu masu jin Larabci ko Faransanci su shiga kwamitin bincike, don ɗan'uwa ɗaya ne ke ɗauke da fassarar duka. Mai sha'awa ya same ni bayan an tashi, kafin sallar Magariba.

Wassalam.
Sakatare