Wasiƙa daga bakin kogin Haɗeja

Salamu alaikum mutumina,

Ya Kumasi, ya iyali, ya kasuwa? Mu nan lafiya lau sai hunturu da ya shigo da ƙarfinsa. Inna tana gaishe ka, tace wai ko ka manta hanyar gida ne.

Ranar nan ka tambaye ni a waya yaya akai gonar Baffa ta kan jigawa ta bada gero haka bana alhali ko buhu ɗaya na takin zamani bamu zuba ba, kafin in gama baka amsa kati ya ƙare. To ba wani asiri bane, shanu ne. Tunda taki yai tsadar nan Baffa yace shi kam ya koma irin na iyayensa, da aka gama girbi bara ya aika wa Arɗo, suka daidaita kan 'yan dammunan gero da kuma karan gonar, garke ya sauka. Kuma ba wai a zube su waje ɗaya a tafi ba, duk bayan kwana uku ko huɗu sai an matsa da makwancinsu gaba har suka zagaye gonar kaf. Ni da nake ganin kashin ne kawai ke aiki, yaron Arɗo ne ya nuna min inda suka kwana, ƙasar tai duhu tana wani irin wari, yace fitsarin ma taki ne babba, shi yasa wanda ake kwasowa a mangala daga turke baya kama ƙafar na kwana. Sauran aikin kuma gara da buzuzu ne, su ke shigar da shi cikin ƙasa. Da damina ta zo kana tsaye a bakin gona zaka iya nuna duk inda garke ya kwana, geron wajen baƙiƙƙirin.

Amma fa Baffa bai yarda a cinye karan tas ba, sai da ya sa aka bar wani a kwance, saboda in gona ta zama fili tsirara iskar bazara ce zata kwashe ƙasar saman da takin gaba ɗaya ta kai wa maƙwabci. Ka tuna gawon nan guda biyu da muke hawa muna yara? Suna nan, ya hana ko reshe a sara sai dai a kaɗo wa dabbobi 'ya'yan. Da rani yana da ganye shanu su kwanta a inuwarsa suyi kashi, da damina ya zubar da ganyen ya bar wa gero rana. Wani direba da ke zuwa Magarya da Matamaye a Nijar yace can gonakinsu gawo ne ko'ina, wallahi sun fi mu wayo a nan.

Maganar ruwa ita tafi ɗaukar hankalina. Bayan ambaliyar 2022 kowa ya gani da idonsa, inda ake barin shanu su gangara ta ko'ina gaɓar ta rufta ta ci gonakin mutane, inda kuwa akwai ciyawa da itatuwa a baki ta tsaya. Shine Bulama da Arɗo da sarkin ruwa suka zauna aka tsaida mashaya guda, wajen da gaɓar take kwance kuma ƙasar da tauri, can ƙasa da inda mata ke ɗibar ruwa. Garke ya sha ya tashi, ba kwana a bakin kogi, don kashin da yake alheri a gona in ya taru a ruwa ɓata shi yake. Mu manoma ma an ja mana kunne, a daina noma har cikin gaɓa, a daina wanke tankin feshi a kogi. Wannan na ƙarshen kam har yanzu ana fama, jiya ma na ga wani yana yi, da nai magana yace wai ruwa mai tafiya ne.

Ciyawar kachalla kuwa sai addu'a. Manya suna cewa tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 sannan ta Challawa a 1992 ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, ciyawar ta samu wajen zama, ta toshe hanyoyin ruwa har ta wajen Marma zuwa Nguru, ga tsuntsayen janbaki da ke ɓuya a ciki. In an kira gayyar yanke ta, masunta da manoma da Fulani duk fitowa ake, don burgun da shanu ke ci a fadama ma ita ta cinye wajensa.

Abinda ke ban haushi shine masu cin burtali. Mutum ya ƙara kunya biyu bana, baɗi ya ƙara uku, sai hanya ta tsuke garke ya rasa ta inda zai bi zuwa mashaya, dole ya fasa ta gonar wani ya gangara ta inda bai kamata ba, daga nan sai rigima, kuma gaɓar da aka sha wahalar tsarewa ta sake ruftawa. Ni a ganina wanda ya nome burtali shi ya fara ɓarnar, ko da kuwa ɗan uwana ne, kuma na faɗa a gaban Bulama har Kawu ya kwana biyu baya amsa gaisuwata.

Gonarku ta gado fa ta gaji, ƙanenka sai tozali yake mata da taki mudu biyu. In ka yarda in yi wa Arɗo magana tun kafin wasu su riga mu, dami nawa zaka iya badawa? Ka turo min amsa ta WhatsApp kafin Juma'a. A shafa min kan yara.

Naka,
abokinka na gida