A koya wa sabbin 'yan kwana-kwana aikinsu da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan horon da ake bai wa matasanmu masu shiga aikin kashe gobara, musamman yanzu da hunturu ya kama, kara ya bushe, rumbuna kuma sun cika.

Ɗan ƙanena yana cikin masu karɓar wannan horo. Da ya zo hutu na duba littafin da yake rubutu a ciki, na tarar darasin ba shi da laifi, sai dai daga bango zuwa bango babu kalma ɗaya ta Hausa. Ya haddace sunayen kayan aiki da Turanci tamkar karatun allo, amma da na ce ya yi wa kakarsa bayani sai ya shiga kame-kame, alhali irin su kakar tasa ne zai tarar a bakin gobara riƙe da bokiti.

Abin kuma ba mai wuyar faɗa ba ne. Wuta tana zaune ne a kan abu uku kamar tukunya a kan murhu: abin da take ci, da zafi, da iska, aka zare ɗaya, ta mutu. Ruwa zafin yake kashewa, yashi da kumfa da bargon kashe wuta iska suke toshe mata, wanda kuwa ya janye damin kara ko ya rufe kan gas, abincinta ya hana ta. Daga nan ne aka kasa gobara rukuni-rukuni: rukunin A shi ne na itace da kara da tufafi da takarda, B na fetur da kananzir, C na iskar gas, F na man girki, sannan ga gobarar lantarki wadda ba a kusantar ta da ruwa sai an tabbatar an yanke wuta.

Tukwanen kashe gobara ma duk jajaye ne, tambarin da ke jikinsu ne yake raba su: mai baƙin tambari iskar carbon dioxide ce a ciki, mai shaƙe wuta, wadda ta dace da kayan lantarki, mai shuɗi hoda ce, mai launin madara kumfa ce. Ana zare ƙusar da ke kanta, a saita bakinta a gindin wutar, ba a harshenta ba, a matsa, a riƙa kai shi dama da hagu.

A makon da ɗan ƙanen nawa ya zo hutu, kaskon wata mai ƙosai a layinmu ya kama, kuma kafin ka ce kwabo ta rarumo moɗar ruwa. Yaron nan ya san amsa, amma Turanci ne ya fara zo masa baki. Da ƙyar ya riƙe hannunta ya kifa tiren ƙarfe a kan kaskon, wutar ta mutu. Da ruwan nan ya shiga man, da fuskarta ya watso.

Ba mu manta da Majiya ta ƙaramar hukumar Taura ba, inda a watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru suna ɗiba, ta fashe, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana kuma iya kama wuta nesa da inda man ya zube. Wannan jimla ce da ya kamata kowane ɗan kwana-kwana ya iya faɗa wa 'yan bumburutu da harshen da suke ji.

Roƙona ga hukumomin kashe gobara na Kano da Jigawa shi ne su zauna da masana Hausa na Jami'ar Bayero su tsayar da suna ɗaya ga kowane kayan aiki, daga tsani da gatari da hular kwano har tukunyar numfashi da ake goyawa a shiga hayaƙi, a buga a ɗan littafi a raba wa masu koyo da masu unguwanni. A yanzu wani ya ce mesa, wani ya ce tiyo, abin kashe wutar kuma wani ya kira shi tukunya, wani kwalba, wani silinda.

Wassalam,
Wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.