Godiya ga masu shagon kayan tankin ruwan gishiri, musamman matashin da ya hana ni sayen bafa

Assalamu alaikum. Ni ba mai yawan rubuta irin wannan ba ne amma abin da aka yi min a shagonku ya kai a faɗa a bainar jama'a, ko don masu kiwon murjani irina da ke can suna zuba kwalba bayan kwalba a tanki suna zaton magani suke yi.

Wata huɗu na yi ina fama da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, in lambar ta sauka tsami ya ƙaru ke nan. Duk lokacin da na tsoma mita sai ta nuna min 7.6, wani lokaci 7.7, alhali kowa cewa yake murjani ya fi son 8.1 zuwa 8.3. Na je wurare biyu kafin ku, ba zan kama suna ba, dukkansu ko tambaya ɗaya ba su yi min ba, da na ce pH ɗina ya sauka sai a miƙo min garin bafa, wanda ake zubawa don ɗaga pH, a ce zuba cokali kaza kullum. Na zuba. Ya hau na 'yan awanni, washegari ya koma gidan jiya. Na koma na faɗa musu, aka ce ai wancan ba shi da ƙarfi ga wani. Kafin in ankara wani farin ɓawo ya kama hita da famfuna, kan rassan Acropora ɗina (wani irin murjani ne mai rassa) guda biyu da na fi ji da su suka fara fari kamar an ƙona, ni kuma har barci ya fara gagarata, sai in tashi cikin dare da tocila ina leƙen gilashi matata na min dariya.

Ranar da na shigo wurinku wallahi bafa ta uku na zo saya. Wani matashi a sashen ruwan gishiri, ban ma tambayi sunansa ba, shi ya tare ni. Ya ce "Yallaɓai kafin in ba ka, da wane lokaci kake awon?" Na ce da asuba kafin in fita. Ya yi murmushi ya ce ai lokacin ne pH ya fi ƙasa a kowane tanki, don da dare fitila a kashe take, gansakukar da ke jikin murjani ba ta shan iskar CO2, kifi da komai sai fitar da ita suke, ita kuma in ta narke a ruwa tsami take ƙara masa. Ya ce in riƙa aunawa sau biyu, kafin fitila ta kunnu da kuma dab da za ta mutu, bambancin 0.2 tsakaninsu ba abin tashin hankali ba ne.

Sai ya ce ina mitar, yaushe rabon da in saita ta. Kunya ta kama ni don tun da na saya ban taɓa ba, a durowa nake ajiye ta bakin a bushe. Ya tsoma ta a ruwan saiti, wanda aka riga aka san pH ɗinsa 7 ne, ta nuna 6.8, ya gwada na 10 shi ma ta gaza, ashe wata huɗu ƙarya take min. Ya saita min, ya nuna min ruwan da ake ajiye bakin a ciki don kada ƙwan gilashin ya bushe. Ruwan tankin da na zo da shi a gora kuwa ya ce ba zai auna pH ɗinsa ba tunda ya sha hanya, alkaliniti kawai zai duba, wato ƙarfin ruwan na tare tsami. Ya fito 13 a ma'auninsa da ake kira dKH, ana son 8 zuwa 9 haka. Nan ya ce min bafar nan alkaliniti take ɗagawa, pH ɗin na ɗan lokaci ne, kuma ita ce ta ƙona min murjani ta sa farin ɓawon. Ya mayar da kwalbar kan kantar shagon da hannunsa. Ban taɓa ganin mai shago ya maida kaya ba bayan mai saye ya ciro kuɗi.

Aikin gida ya ba ni. In ɗebi kofi biyu na ruwan tanki, ɗaya in sa masa famfon iska awa guda a cikin falo, ɗayan in yi haka a waje. Na cikin falo ya ba da 7.9, na waje 8.4. Ashe numfashinmu ne, falo a rufe esi na aiki tagogi a garƙame, iskar waje CO2 ɗinta wajen 420 ppm ne (kashi 420 cikin miliyan) amma ɗaki mai mutane yana iya haura 1000. Na ja tiyon iskar sikima, na'urar da ke cire dauɗar ruwa da kumfa, na fitar ta taga kamar yadda ya ce, na daina bafa, na bar alkaliniti ya sauko a hankali don ya gargaɗe ni kada in yi gaggawa. Da ya daidaita na fara ɗiga kalkwasa, wato ruwan farar ƙasa, da dare, ɗigo ɗigo, tunda shi pH ɗinsa ya haura 12 in ka juye lokaci guda ka gama da tankin. Yanzu ina tashi da 8.0 ina kwana da 8.2, Acropora ɗaya ta fara sabon toho, ɗayar dai ta tafi.

Allah ya saka da alheri ƙanena, Allah ya yi wa kasuwarku albarka. Sauran kayan da na saya an haɗa min lafiya ba matsala.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne waɗancan na farko, anya ba su san wannan ba kuwa? Ko sun sani kwalbar ce dai ba sa so ta kwana? Mutum yana sayar da dabba mai rai amma ko ruwan saiti babu a shagonsa, ka tambaye shi alkaliniti ya ce duk abu ɗaya ne da pH. Ɗaya daga cikinsu ma takardar gwaji ta ruwan daɗi ya so ya haɗa min da ita, irin mai canza launi ɗin nan da ba ka iya bambance 7.8 da 8.2, har yana rantsuwa wai ta fi mita.