Ɗan haya za ku wayar wa kai a kan zafin ɗaki?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka.

Shirinku na daren Laraba da kuka gayyato masanin zanen gine-ginen nan ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Ba ƙarya ya yi ba. Duk abin da ya faɗa a kan tagogi masu kallon juna, da ɗaga rufi, da barin iska tsakanin kwano da silin, haka yake. Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne da ya ɗora laifin gaba ɗaya a kan rashin wayewar jama'a, wai a fita a wayar mana da kai. Mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake yi, ko tambaya ɗaya mai zafi bai jefa masa ba.

Wa za a wayar wa kai? Ni? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ɗan haya ne a bayan garin Kano. Fuloti ɗaya mai gidanmu ya yanka ya fitar da ciki da falo har shida. Darbejiyar da ke tsakar gida ya sare ta ya ƙara ɗaki a gurbinta, sauran filin ya malale shi da siminti. Bulo mai inci shida ne, kwanon kuma mafi arha a kasuwa, silin ɗin in na miƙa hannu sai na taɓa shi. Tagar ɗakin kwananmu ɗaya ce, tana kallon katangar maƙwabci, tsakaninsu ko akuya ba za ta juya ba. A watan Afrilu, ƙarfe biyun dare, ka jingina bayanka da bango ka ji yana huci kamar gindin murhu. Uwargida jiƙa zani take yi ta lulluɓe ƙaramin yaronmu, kafin ta koma barci ya bushe. Wuyan yaran duk ƙurajen zafi. Mu maza mu ɗauki tabarma mu fita ƙofar gida sauro ya yi biki, mata kuwa ina za su je?

Na roƙi a bar ni in fasa taga ta biyu da kuɗin aljihuna. Amsar ta bakin dillali ta zo: in na fasa, ranar tashina in toshe, sannan tunda ɗaki ya ƙara daraja, haya ma za ta ƙaru. Ya rufe da cewa in ban so, akwai masu jiran mukulli.

To ga maganar da baƙonku ya tsallake. Wanda ya gina ba shi ke kwana a ciki ba, wanda ke kwana a ciki kuma ba a shawarce shi ba. Ban ce mai gidanmu mugu ba ne, lissafi ya yi. In ya ƙara kuɗi ya ɗaga rufi ya sa abin tare zafi, wa zai ji daɗi? Ni. Wa zai rage sayen katin mita da man janareto? Ni. Shi ko sisi ba zai shiga aljihunsa ba, don mai neman haya ba ya tambayar ko ɗaki na da iska, tayil da fenti yake dubawa, in ma ya samu ɗakin. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto don fanka kawai ya zama sai an yi shawara da aljihu. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Duk wannan a kan ɗan haya yake sauka, mai gini bai ma san ana yi ba.

Baƙon naku ya yi ta ambaton ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017, lokacin Babatunde Fashola yana minista, da taimakon Jamus. Takarda ce mai kyau, ta yi maganar girman taga da inuwa da rufi da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Amma izinin gini a hannun jihohi yake, ba Abuja ke bayarwa ba. Unguwanninmu kuwa na awon igiya ne, ana sayen fili yau gobe a sauke yashi, babu zane babu mai dubawa. Ni dai ban taɓa haɗuwa da birkilan da ya ji labarin wannan ƙa'ida ba. Me ya hana mai gabatarwa ya tambaya: gini nawa aka taɓa hana wa izini don babu hanyar iska?

Sannan akwai kunya, wadda ta fi komai ƙarfi. Ƙanena ya so ya yi nasa da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Birkila ya ce shi bai saba ba, kuma ba zai ɓata sunansa ba. Dangin matarsa suka ce ashe 'yarsu gidan ƙasa za a mayar da ita. Abokai suka ce in ya tashi sayarwa wa zai saya? Ya haƙura ya yi na siminti, yanzu yana tara kuɗin sola don ya iya barci. Alhali a Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta gina gidajen zamani a Yamai da irin wannan bulon, da babban masallaci a Dandaji. Francis Kéré na Burkina Faso da ginin ƙasa ya yi suna har ya karɓi babbar lambar yabo ta masu zanen gini a 2022. Mu da muka gaji tubali da azara da soro, mu ne ke jin nauyi. Ku shiga Gidan Makama, tsohon ginin ƙasar nan na Kano, da tsakar rana ku ji yadda jiki zai gaya muku. Lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda babu wuta a Oktoban 2024, gidan kakata a cikin birni na kai iyalina, can ne kawai suka yi barci.

Don Allah ku sake shirin nan, amma ku canza baƙi. Ku kawo mai gidajen haya, da dillali, da shugaban magina, da jami'in da ke sa hannu a takardar izinin gini. A tambaye su ido da ido: in aka rage wa mai gida kuɗin izini ko harajin fili, zai yarda ya bar tsakar gida da itace? Me zai hana gwamnati ta fara da azuzuwan makarantunta, inda yara ke gasuwa a ƙarƙashin kwano, don mutane su gani su daina raina ƙasa? Ku kuma buɗe wa 'yan haya layi, musamman mata, su ne ke wuni a ɗakunan nan.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Tallan maganin basir da kuke tsinka shiri da shi ya yi yawa, muryarsa ta fi ta shirin ƙarfi, kalaman cikinsa kuma ba na saurare da yara ba ne. Ranar Larabar nan sai da na miƙe na rage murya a gaban surukata. Ku mayar da shi can cikin dare, ko ku sa su gyara bakinsu.

Naku mai saurare,
wani ɗan haya daga Kano.