Littafin da ya koya mini gina shafin intanet bai san ƙ da ɗ ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma na ba arba'in baya. Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya same ni wajen koyon gina shafin intanet, don na san akwai irina da yawa da ke sha'awar abin amma suna ganin sai wanda ya yi jami'a.

Bayan sallar layya da ta wuce na tsinci wani littafi a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a Sabon Gari. Da Turanci yake, bangonsa ya yage, an ce na 'yan koyo ne. Ina da tsohuwar kwamfuta ta hannu da nake lissafin bashi da ita. Kullum bayan isha'i, idan akwai wuta, sai in buɗe Notepad, manhajar rubutu ta kwamfuta, in ajiye littafin a cinya, in riƙa kwafa layi-layi kamar almajiri da allonsa.

Gaskiya littafin ya yi mini rana. Shi ya nuna mini cewa HTML, yaren da ake gina shafin intanet da shi, ba tsafi ba ne, alamomi ne kawai da ake kewaye rubutu da su. Ka buɗe da <p>, ka rubuta maganarka, ka rufe da </p>, ka samu sakin layi. Ka sa <h1>, ka samu babban kai. Daren da na adana fayil ɗin farko na danna shi ya buɗe a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, na ga sunan shagona da manyan baƙaƙe, sai da na taso uwargida daga barci ta zo ta gani. Ta duba ta ce, "To, wannan ne ya hana ka cin tuwo?" Ta koma ta kwanta. A littafin ne kuma na karanta cewa wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro abin a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, ya gabatar da shawararsa a 1989. Na yi mamakin cewa na girmi abin da ya cinye duniya haka.

Matsala ta taso ranar da na bar misalan littafin na fara rubuta nawa da Hausa. Na rubuta "shadda baƙa" da "kuɗin ɗinki". Da na buɗe shafin sai na ga "baÆ™a", ɗinki kuwa ya koma "É—inki". Na goge na sake. Na zargi kwamfutar, na zargi madannai, har na fara zargin idona. Kwana huɗu ina wannan fama. Kuma ban kauce wa littafin ko da wasali ɗaya ba, ashe biyayyar ce ta ja mini.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ne ya zo gaisuwa ranar Juma'a, na nuna masa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, wannan layin na sama wa ya ce ka sa shi?" Na ce littafi. Layin yana gaya wa burauza ta karanta shafin da tsarin iso-8859-1. Ya bayyana mini cewa an yi wannan tsari ne don harsunan Yammacin Turai, gurbinsa bai wuce 256 ba, kuma babu ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki. Ita kuwa kwamfutata tana adana rubutu da UTF-8, wanda ke rubuta ƙ da lambobi biyu. Sai burauza ta ɗauki kowace lamba a matsayin harafi mai zaman kansa, ta fito da Æ da ™. Ya goge layin, ya rubuta <meta charset="utf-8">, ya ƙara lang="ha" a can sama don a san shafin na Hausa ne. Shi ke nan. Baƙa ta dawo baƙa.

Daga nan ya juya bayan bangon ya nuna mini shekarar bugu, ya yi dariya. Littafin ya girmi HTML5, sabon tsarin HTML da aka tabbatar a 2014. Su <font> da <center> da na kwana ina hadda duk an daina yayinsu, yanzu launi da girman rubutu aikin CSS ne, wani yare daban na ƙawata shafi. Don haka duk wanda zai sayi irin wannan littafi, ya duba shekarar kafin ya duba farashi.

Abin da ya sa na rubuto maka ke nan, ranka ya daɗe. Sau da yawa ina karanta labaran Hausa a intanet in ga an zubar da ƙugiya gaba ɗaya, "baƙi sun iso" ya zama "baki sun iso", ɓari ya zama bari. Da ina ɗauka na'ura ce ba ta iya ba. Yanzu na san layi ɗaya ne da ɗan kula. Ƙugiyar nan tana cikin rubutun boko tun shekarun 1930, lokacin da ake jera haruffan dalma da hannu a maɗaba'a. Idan su sun iya, ban ga uzurinmu ba.

Roƙona shi ne ku ware ko da rabin shafi a mako, wani masani ya riƙa koyar da wannan aiki da Hausa, da misalan da suka shafe mu, ya kuma fara da maganar ƙugiya tun darasin farko. Ni dai na kai babin saka hoto, kuma hoton atamfar da na sa ya fi allon waya faɗi, sai an ja shi gefe ake ganin farashi. Ɗan ƙanwata ya koma makaranta, sai hutu.

Naka,
Mai shadda, Kantin Kwari, Kano