Wasiƙar Makaranta Zuwa ga Iyaye: Yankan Riɗi da Karatun 'Yan Sanawi (Sakandare)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon yara a nan Gadarif ta gabashin Sudan, barkanmu da ganin ƙarshen damina lafiya.

Tun da aka fara yankan riɗi muke ganin giɓi a ajujuwa, musamman aji uku. Ba mu ga laifin kowa ba. Riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye kwanson ya fashe, wahalar shekara ta zube a ƙasa, ga kuɗin ƙwadago ya yi tsada. Amma ku dubi abin da yaran nan suka riga suka rasa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe makarantu, ajujuwa da dama a garin nan suka koma masaukin 'yan'uwanmu da suka baro Khartum da Wad Madani. Jarrabawar shahada (ta kammala sakandare) ta 2023 ba a zauna ta ba sai ƙarshen Disamban 2024. Yaron da ya yi wannan dogon zaman gida, in ya ƙara rasa mako biyu a lissafi, da wuya ya sake kamo 'yan ajinsu. Roƙonmu shi ne, mai buƙatar hannun ɗansa a gona ya ɗauke shi Juma'a da Asabar, ya bar mana shi daga Lahadi zuwa Alhamis.

Wasu iyaye kan ce, "Ustaz, ni ban yi makaranta ba, me zan iya yi masa?" Baba, ba mu ce ka koya masa kimiyya ba, wannan aikinmu ne. Ka ce ya buɗe maka littafinsa bayan magariba, ko ba ka karanta Larabci za ka ga jan biron malami, za ka ga shafin da aka bari fari. Ka tambaye shi abin da aka yi yau. Mun daɗe muna lura, ɗalibin da ya san za a tambaye shi a gida ba ya zama a aji kamar wanda babu mai bibiyarsa. Ku kuma tabbatar ya fito da abin fatur, wato karin kumallo, domin mai jin yunwa ba ya fahimtar darasi.

Maganar 'yan mata ta fi damun mu. Yarinya ta taso daga makaranta, ga ɗiban ruwa, ga girki, ga rainon ƙanne, sai dare ya raba ta ɗauki littafi tana gyangyaɗi. Iyaye mata, don Allah ku raba aikin tsakanin 'ya'yanku, ku ware mata ko da awa biyu kullum. Shiga Jami'ar Gadarif ko Jami'ar Jazira da makin shahada ake yi, kuma makin da ake nema a wurin namiji shi ake nema a wurinta. Waɗanda kuma aka fara yi musu maganar aure saboda shekarun da yaƙi ya cinye, muna roƙo a bari su zauna jarrabawa tukuna.

Majalisar iyaye za ta zauna ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar a harabar makaranta. Za a yi bayani da Hausa da Larabci, malaman kowane aji za su zo da rajistar halarta. Wanda aikin gona ya riƙe, ya turo mahaifiyar yaron ko yayansa.

Wassalam.

Shugaban makaranta, a madadin malamai